Baƙar Ragar Manekeng

Sau biyu Manekeng tana shuka waken turawa a daminar nan, sau biyu tsuntsaye suna cinye mata. Na farkon ko tsiro ba su bari ya yi ba, kurciyoyi da makwarwa suka bi layi suna tone ƙwayar kamar ita ta gayyato su. Na biyun ya tashi har ya kama sanduna, ya yi farin fure gwanin sha'awa, sai tsuntsayen nan masu tukku da dogon bindi suka sauko daga shinge suka tsinke furen tas. Ta rataya tsummoki, ta rataya gwangwanaye, ta kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar mijinta. Wata safiya ta tarar da biyu zaune a kafaɗarsa suna gyaran gashi. Ran nan abin ya kai mata iya wuya. Ta shuka na uku, ta rantse ita da noma wa tsuntsu har abada.

Lambun yana can ƙasa inda gangaren ya ƙare, a bakin kwarin tukurwa. Surukinta, Baba Zebaze, shi ya yanka mata shi shekarar da aka kawo ta, kuma duk ƙauyen an san babu ƙasa irinta: baƙa, mai laushi, ga ruwa kusa. Ɓera da gyazbi da suke hana maƙwabta sakat ba sa taɓa mata komai. Manekeng ta san dalili, kowa ma ya sani. Sau uku cikin shekara goma sha biyar ta ga sawun jan ciki a laka, faɗinsa kamar damtsen ƙato, ya fito daga cikin tukurwa, ya ratsa lambun, ya koma. A wurinmu ba a nuna irin wannan sawu da yatsa. Manyan dattawa kowanne da abokin ransa a daji, wani damisa, wani ɓauna, wani mesa, kuma abin da ya sami dabbar ya sami mutumin. Ba a tambaya, su ma ba sa faɗa. Mace mai hankali in ta ga sawun sai ta shafe shi da ƙafa ta ci gaba da aikinta.

Mijinta yana Douala yana acaɓa, ba a ganinsa sai Kirsimeti ko in an yi rasuwa. Ita da tsohon ne a gida, da yara biyu da suke makaranta. Uwata tsohon yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Shekaru shida da ta yi ba haihuwa, lokacin da dangi suka fara ƙananan maganganu, shi ne ya buga sandarsa a ƙasa ya ce duk wanda ya gaji da ganinta ya rufe idonsa. Ba ta manta ba. Ko ubanta mahaifi ba ta ji a ranta kamar yadda take jin tsohon nan.

Ana gobe kasuwa ta same shi a ƙofar madafa yana jin ɗumin wuta, ta gaya masa za ta sayo raga ta rufe waken. Gwiwoyinsa sun daɗe da ƙin gangara, idonsa kuma ya yi yana, sai inuwar mutum yake gani.

"Ki sayo farar nan mai kama da gidan sauro," ya ce. "Ki gwada da ƙaramin yatsanki. In ya shiga, ki bar musu abinsu."

Ta ce to, Baba. Bai faɗi dalili ba, ita kuma ba ta nema ba.

A kasuwar Mbouda mai ragar wani gajere ne mai muryar mutum uku. Ya warware mata farar, ta shafa, ta tura yatsa, ko farce bai wuce ba. Ya ce mai kyau ce, ko ƙuda ba ya shiga, amma ya ce ta tuna fa a kan dutse take zaune, inda gajimare yake saukowa ya kwanta a gona har hantsi. Wake zai yi gumi a ciki ya yi fumfuna, ta dawo tana zaginsa a banza. Sannan ya jawo wata baƙa daga ƙarƙashin tebur, zarenta siriri kamar gashi, ya ɗaga ta a rana, da ƙyar ido yake kama ta. Manekeng ta tura hannu, yatsu uku suka wuce har gindi.

Ta ce ba wannan aka aiko ta ba.

"Madam, wake kike nomawa ko yatsa?" Ya kwashe da dariya, ya juya ga maƙwabcinsa mai takalman roba don ya taya shi. "Ki ji in gaya miki. Farar korar tsuntsu take yi, ya je ya dawo da ƙannensa. Wannan kama shi take. Ga wakenki, ga naman miya. Kuma zaren nan da kike rainawa, ki binne shi shekara goma ki tono, yana nan yadda yake. Ba ya ruɓewa, ba ya tsinkewa."

Daga baya matan ƙauye sun ce araha ce ta ja ta. Ƙarya suke mata, ni na san Manekeng. Kalmar nan tasa ta "kama shi take" ce ta shige ta. Ta tuna biyun nan da suke gyaran gashi a kafaɗar rigar mijinta, zuciya ta ɗebe ta. Ta ce a ranta tsoho ba ya gani, ba ya gangarowa, kuma tsofaffi ai ba sa rasa abin faɗa. Aka naɗe mata baƙar ta ɗora a ka.

Washegari ta lanƙwasa sandunan tukurwa a kan kunyoyin, ta shimfiɗa ragar, ta bi gefe huɗu da turaku da duwatsu, ba ta bar ko inda ƙadangare zai bi ba. Ta ja da baya taku goma ta duba. Lambun yana nan kamar ba a sa masa komai ba, sai in raɓa ta kama zaren ya ɗan yi ƙyalli. Da yamma tsohon ya tambaye ta ko farar ta samu. Ta ce ta samu, Baba. Ƙaryar ta fito mata da sauƙi har ita kanta ta ji kunya.

A kwana na uku ta ciro tsuntsaye biyar daga ragar. Wasu sun mutu, wasu suna juyi, kuma duk juyin da suka yi zaren ƙara shiga jikinsu yake. Ta fige su tana ɗan waƙa, ta soya, ta sa wa tsohon biyu a kan sakwarar gwazarsa. Ya lalubi kwanon, ya ɗauki ɗaya, ya bi ƙananan ƙasusuwan da yatsa, ya mayar.

"Farar raga ba ta kama tsuntsu, uwata."

Ta ce tarko ta ɗana a gindin shinge. Bai musa mata ba, kuma wannan ya fi mata ciwo da a ce ya yi faɗa. Ya wanke hannu bai taɓa naman ba. Can ya ce ta je ta ɗaga gefen da yake kallon kwari, taƙi biyu ma ya isa, ta bar hanya. Ta leƙa waje, rana ta kusa faɗuwa, hadari ya haɗo daga kan dutse, gangaren kuma in ya jiƙe santsi gare shi. Ta ce gobe da sassafe.

Sai da gari ya waye ta ji shirun, sannan ta tuna. Babu ƙarar wasa fartanya, babu mai kiran wata su sauka gona. Makonmu kwana takwas ne, kuma wannan ce ranar hutun ƙasa. Ran nan ba a shiga gona, ƙarfe kuwa ko allura ce ba ta ƙetare shinge. Wanda aka kama, tarar akuya ce a gaban dattawa, da kiran sunansa a fada. Akuyar ma ba ita ce abin tsoro ba. An ce ran nan ne abokan dattawa suke fitowa su zaga ƙasarsu, kuma ƙarfen da ya taɓa ɗayansu, a jikin mai shi yake yanka.

Gajimare ya sauko har ba a ganin ayabar bayan gida. Manekeng ta hura wuta, ta dama kunu, tsohon bai fito ba. Ta je ta same shi zaune a bakin gado, hannu biyu a ƙirji, numfashinsa yana fita da wani siririn fito. Ta aika a kira Kenne, 'yarsa ta fari, wadda take ba da magani a ƙaramin asibitin mishan, ta zo hutu gidan mijinta a unguwar sama.

Kenne ta zo da jakarta da bakinta, don ba ta fita da ɗaya ta bar ɗaya. Ta sa kunne a bayansa, ta ce sanyi ne ya kama ƙirjin, wa ya ce a bar tsoho yana zama a ƙofa ana yayyafi? Ta ba shi ƙwayoyi, ta sa a tafasa ganyen turare a lulluɓe shi. Mota kuwa babu, ruwan jiya ya cinye hanya, sai dai a jira ta sha iska.

"An ɗaure ni," in ji tsohon, da ƙyar.

"Ba wanda ya ɗaure ka, Baba, majina ce. Kai dai ja tururin."

Suka kwantar da shi. Ya fara juyi a hankali, ya mirgina dama, ya mirgina hagu, kuma duk mirginawar da ya yi fiton ƙara sirancewa yake. Manekeng tana tsaye da tukunyar ganye a hannu. Ta san juyin nan, jiya-jiya ta gan shi a jikin tsuntsayen ragar. Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen inuwarta, idanun da ba sa gani suka tsaya a kanta. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta ce wa Kenne za ta ƙaro ganye. Ta shiga ɗakinta, ta ɗauko almakashi daga cikin gwangwanin ɗinki, ta riƙe shi. Ƙarami ne, mai tsinin baki, da shi take yanke wa yara farce. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar ta rufe gwangwanin. Ta zaga bayan madafa, ta fasa wata tsohuwar kwalbar giya a kan dutse, ta zaɓi guntu mai kaifi ta ƙulle a bakin zane. Na sha juya wannan a raina, kuma ban ga wata a cikinmu da za ta yi dabam ba. Haka aka raine mu. In dole ta sa ka karya doka ɗaya, sai ka ƙanƙame ta biyun da hannu biyu, don ka ji ba ka fita daga cikin mutane ba.

Ba ta bi hanya ba, don ranar hutu maza suna ƙofar gida da tulun bammi, idonsu kuma ba ya hutu. Ta kutsa ta cikin ayaba, ta ratsa shinge, ta gangara tana dafa ƙasa. Tun daga nesa ta lura babu kukan tsuntsu ko ɗaya. Da gajimaren ya ɗan yaye sai ta ga lambun. Gefen da yake kallon kwari ya rufta, sandunan tukurwa sun kakkarye, waken ya kwanta a laka. A tsakiyar ɓarnar akwai wani dunƙule baƙi, girman buhun dankali, yana motsi kaɗan-kaɗan.

Mesa ce. Ta biyo hanyarta ta kullum, ta tura kai ta idon ragar, jikin ya ƙi wucewa, ta yi ta birgima har ta naɗe rabin ragar a jikinta. Zaren ya shige tsakanin ɓawon fatarta, wani wuri ya yanka, ƙudaje sun fara taruwa. Manekeng ta matsa kusa, sai ta ji numfashin. Siririn fito ne, irin wanda ta baro a gida.

Ta durƙusa yadda take durƙusawa in za ta miƙa masa ruwa.

"Baba, ni ce. Ka yi haƙuri, ni ce."

Ta kwance mayafinta ta rufa wa mesar a ka, ta fara daga wutsiya. Zare ɗaya-ɗaya take ɗagawa da farce, ta goga masa kwalbar har ya rabu. Mai ragar bai yi ƙarya ba, zaren ba ya son tsinkewa. Kwalbar ta yanke ta a yatsu, jini ya sa ta santsi, ta goge a cinya ta ci gaba. Yayyafi ya sauko ya ɗauke, ya sake saukowa. Jikin yana da sanyi da nauyi, in ta saki wani sashe sai ta ji ya kumbura a ƙarƙashin hannunta kamar mai ajiyar zuciya. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, ta dai san bayanta ya ƙage, kuma tana ta magana, tana ba shi labarin mai ragar, da tsuntsaye biyun nan, da ƙaryar da ta yi masa.

Saura wuya. Ta ɗaga gefen mayafin a hankali. A bayan kan akwai zobe ɗaya na zare, idon ragar da mesar ta fara shiga, ya nutse har naman ya kumbura ya rufe shi. Ta gwada farce, bai shiga ba. Ta karyo ƙaya, ta karye. Ta kawo kwalbar, ta ga bakinta ya yi kauri, in ta danna sai ta yanka maƙogwaro kafin ta kai ga zaren. Tsinin almakashin nan da ya shige ƙarƙashi ya gama kafin ƙiftawar ido. Ta gan shi a ranta kwance cikin gwangwani, a kan zaren ɗinki da maɓallai, ta ji kamar ta mari kanta.

Ta ce bari ta raba zoben da sauran ragar tukuna, ta sami wurin riƙewa, in ya so ta hau gida da gudu ta ɗauko almakashin, akuya ko goma ce a ci ta. Ta yanke zare huɗun da suka rage. Mesar ta ji babu abin da yake riƙe da ita. Jikin nan da ya kwanta kamar matacce ya miƙe gaba ɗaya, ya bankaɗe Manekeng ta faɗi zaune a laka, ya sulale ta kan kunya ya nufi kwari, mayafin yana binsa har ya maƙale a wani kututture. Ta tashi ta bi, ta shiga ruwa har gwiwa, tana buɗa ganyen tukurwa tana kira a hankali. Ruwan ya gama rawa ya kwanta, babu komai.

Da take hawowa kunnenta yana gaba, tana jiran kukan mata. Ba ta ji ba. Rediyon wani ne kawai yake waƙa a unguwar sama. Ta tarar da Kenne a ƙofa tana ɗaure jaka, fuskarta a sake. Ta ce ƙirjin ya buɗe tun ɗazu, ga shi can zaune har yana neman abinci, da an biye wa mutanen garin nan da yanzu ana can ana yanka kaza a gindin itace. Sai ta ga lakar da hannuwan, ta tambaya. Manekeng ta ce santsi ne ya kwashe ta. Kenne ta dube ta, ta dubi inda ganyen ya kamata ya kasance, ta ɗaure mata yatsun, ta tafi duba gidanta.

Daɗi ya kama Manekeng har hawaye suka zubo mata a kan turmi. Ta kirɓa gwaza ta yi laushi sosai, ta kaɗa miyar manja da kanwa yadda yake so, ta kai masa. Yana zaune a bakin gado, numfashinsa lafiya lau. Ya wanke hannu, ya yanko loma, ya zagaya ta cikin miya, ya kai baki. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa sau ɗaya, sau biyu. Ya tsaya. Ya sunkuyar da kai ya dawo da lomar a tafin hannunsa, ya ajiye a gefen kwano. Ta miƙa masa ruwa, ya kurɓa, ruwan ya wuce a hankali da ɗan ƙara. Sannan ya ɗaga yatsa ya bi wuyansa da shi, daga ƙarƙashin kunne ɗaya zuwa ɗayan.

"Sannu, uwata. Kin sha wuya." Ya sauke hannun. "Da me kika yanka?"

"Da kwalba, Baba. Yau ba a shiga da ƙarfe."

Kafaɗunsa suka girgiza, dariya ce marar sauti. Ya ce haka ne, shi da bakinsa ya ci mutum bakwai tarar akuya a kan wannan, ba shi da ta cewa. Ya sake shafa wuyan.

"Zaren nan, yana ruɓewa?"

Ta buɗe baki. Ƙaryar tana nan kusa, irin wadda ta fito mata da sauƙi kwana uku da suka wuce, amma wannan karon ta ƙi fitowa. Muryar gajeren mutumin nan ce kawai take yi mata amo a ka. Tsohon ya saurari shirun nata har ya ƙoshi, ya gyaɗa kai, ya turo mata kwanon.

"Ci, kada ya huce."

Washegari tun kafin kowa ya fito ta sauka da almakashi a ƙugu. Ta tattara abin da ya rage na ragar ta ƙone, ta bar waken a buɗe. Tsuntsaye suka dawo kafin hayaƙin ya gama tashi, ta wuce su ba ta ko ɗaga hannu ba, ta shiga cikin tukurwa tana duban laka. Kenne ta kai tsohon babban asibiti, aka leƙa, aka ba da magani, aka ce a dawo bayan wata guda. Manekeng kuwa kowace safiya tana kwari, har da ranar hutu, kuma duk ƙauyen an ga tana sauka da ƙarfe, babu wanda ya yi maganar akuya. Yau kwana goma sha tara ke nan ba ta ga sawun ba. Baba Zebaze kunu kawai yake iya sha, shi ma sai ta tsinka shi da ruwa.